An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Matasan Kirista da Jarabar Hotunan Batsa

A kowace Lahadi, a majami'un Maraɗi da Tsibiri da Galmi da Damagaram da Yamai, ana wa'azi da Hausa mai daɗi a kan sata da ƙarya da giya da cin amana. Akwai kuwa zunubi guda wanda da zarar an zo kansa sai harshen mai wa'azi ya yi nauyi. Ko dai ya tsallake shi, ko ya juya zuwa Faransanci ya jefa kalma ɗaya cikin sauri, sannan ya komo Hausa ya ci gaba da wani zance. Wannan zunubi shi ne kallon hotuna da bidiyon batsa. Tun 1924 masu mishan suka zauna a Damagaram, tun 1932 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, amma har yau ikilisiya ba ta samo bakin da za ta yi wa ƴaƴanta wannan magana da harshen uwa ba. Alhali kuwa abin da aka kasa ambata a kan mumbari yana cikin aljihun da yawa daga cikin masu sauraro.

Da can, mai neman irin wannan kallo sai ya taka da ƙafarsa zuwa wani ɗaki a bayan tasha, ya biya kuɗi, ya zauna cikin mutane. Yana iya haɗuwa da maƙwabcinsa, ko da ɗalibin ubansa. Kunyar idon jama'a ita ce shingen, kuma ta tsare mutane da dama. Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, katin ajiya ya biyo baya, intanet ta biyo katin. Yanzu babu tafiya, babu mai gani. Wayar da ke ɗauke da Linjila da waƙoƙin yabo ita ce kuma ke ɗauke da ɗakin bayan tasha. Tarbiyyar da aka gina bisa kada mutane su gani ta rasa madafa, tunda dai ba mai gani.

A ɗauki misalin saurayi ɗan lise, wanda ke cikin ƙungiyar mawaƙa ta majami'arsu. Bai je neman abin ba. Wani abokinsa ne ya miƙa masa waya a fada, ana shan shayi, ana dariya. Shekara biyu bayan haka ya wayi gari ba ya barci sai ya kalla. Ya yi alkawari ya karya, ya yi azumi ya koma. Ranar da ake cin Jibin Ubangiji sai ya zauna a kujerar baya ya sunkuyar da kai. Daga nan ya daina zuwa koyon waƙa, don yana jin kansa munafuki. Dattawan ikilisiya suka ce lakwal ce ta lalata shi, ko kuwa girman kai ya shige shi. Babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai ga fuskar da zai faɗa wa ba. Haka ikilisiya ke asarar ƴaƴanta ba tare da ta san ranar da suka fita ba.

Magunguna uku aka saba bayarwa, dukansu kuwa dukan taiki ne.

Na farko shi ne shiru. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu, kuma bai kamata a raina su ba. Suna cewa faɗar abin zai koya wa yaron da bai sani ba. Wannan hujja ta yi aiki a zamanin kaset, amma duk malamin da ya taɓa ƙwace waya a aji ya san cewa yaran sun riga manyansu sani. Shirun manya bai hana su ji ba, ya dai sa sun ji daga bakin mafi munin malamai. Hujja ta biyu ta fi nauyi. Kiristocin Nijar ƴan tsiraru ne ƙwarai, kuma an daɗe ana jingina musu giya da sakin fuska da ɗabi'un Turawa. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafin Afirka da aka shirya kusa da Yamai, masu tarzoma a Maraɗi sun haɗa mashaya da gidajen mata marasa aure da majami'a a layi guda suka far musu. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi ba in ya ji tsoron fitar da kashinsa a fili. Sai dai wannan cuta ba ta tambayar addini kafin ta shiga gida, kuma maƙwabta Musulmi suna fama da ita kamar kowa. Ikilisiyar da ta zaɓi tsare sunanta ta bar ƴaƴanta suna ruɓewa a ɓoye, ta sayi mutunci da tsada, kuma ba zai daɗe a hannunta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magani na biyu shi ne ɗora wa mata laifi. In an tashi wa'azi kan sha'awa, galibi sai a ƙare kan tsawon zane da ɗaurin kallabi da ɗinkin ƴan mata. Suturar kirki abu ne mai kyau, ba mai musun haka. Amma wane zanen ƴar Zumuntar Mata ne ya shiga ɗakin saurayi da ƙarfe biyu na dare ya kunna masa waya? Wannan ɗabi'a ta kama mace a saki mai kallo ta game ƙasar Hausa duka. A 2007, da bidiyon sirri na wata ƴar wasan fim ya fita a Kano, ya bi wayoyi har ya tsallako iyaka, ita aka tsine wa, sana'ar fim aka dakatar na watanni. Dubban mazan da suka karɓa, suka kalla, suka tura wa abokansu, babu wanda ya tuhume su, da yawansu ma suna cikin masu tsinuwar.

Littafin da Kirista ke riƙe da shi bai koyar da haka ba. A babi na 5 na Linjilar Matiyu, da Yesu Almasihu ya yi magana kan zina, mai kallo ya kama, ya nuna cewa laifin na soma ne daga duban da aka yi da niyya, tun kafin hannu ya taɓa kowa. Bai ambaci tufafin wadda aka kalla ba. A babi na 8 na Linjilar Yahaya, da aka jawo mace ita kaɗai za a jefe ta, masu duwatsun ya mayar wa tambaya. Labarin Sarki Dawuda da Batsheba, yadda littafin Sama'ila na biyu ya kawo shi, ruwaya ce ta Tsohon Alkawari wadda Musulmi ba su karɓa ba, amma ga Kirista darasinta a fili yake. Lokacin fita yaƙi ne, sarki ya tura mutanensa ya zauna gida. Da maraice ya tashi daga gado yana yawo a kan soro, ya hango mace tana wanka, ya tsaya, ya aika a bincika, ya aika a kawo ta. Ƙarshen abin shi ne mutuwar mijinta Uriya a bakin daga. Da aka aiko annabi Natan, wurin sarki aka aiko shi, ba wurin matar ba. Malaman Musulunci ma sun san cewa a Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido kafin a zo kan mata. To daga ina masu wa'azi suka samo wannan juyi?

Magani na uku shi ne ƙarfi: a fasa waya, a yi tsawa, a tsayar da yaro gaban jama'a, ko kuwa a yi masa aure. Masu fasa waya sukan kafa hujja da zancen ƙwaƙule ido da yanke hannu da ke cikin wannan babi na Matiyu. Ikilisiya ta daɗe da sanin inda irin wannan fahimta ke kaiwa. Masanin tarihi Usabiyus ya ruwaito cewa Orijen, babban malamin Iskandariya ta Masar, ya dandaƙe kansa yana saurayi saboda ɗaukar wata aya a zahirinta. Da bishof-bishof suka taru a Nikiya a shekara ta 325, dokarsu ta farko ita ce hana wanda ya yi wa kansa haka aikin limanci. Sun gane cewa wuƙa ba ta isa inda sha'awa take. Sufayen hamadar Masar sun tabbatar da haka da rayuwarsu. Antoni ya bar dukiya da gari ya shiga daji, siffofin mata suka bi shi can cikin tunaninsa. Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya jera miyagun tunani takwas da ke addabar mai ibada, sha'awa na cikinsu, tare da kwaɗayin ciki da baƙin ciki da fushi da kasalar zuciya. Mutanen nan ba su da waya, ba su ganin mace wata da watanni, duk da haka sun yi fama. Waya ta sauƙaƙa hanya ƙwarai, amma ba ita ta haifi matafiyin ba.

Aure kuwa, gaskiya ne manzo Bulus ya ba da shawararsa ga wanda ya kasa haƙuri. Sai dai wanda ya saba da kallo shekara biyar ba ya ajiye shi a ƙofar ɗakin amarya. Yakan shiga da shi, ya riƙa auna matarsa da ma'aunin da ba na mutane ba, ita kuwa ta rasa laifin da ta yi. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, mayar da yarinya ƙwayar maganin cutar da ba ita ta sa ba zalunci ne a kan zalunci.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata a amsa wa, wato ƴan boko masu cewa wannan duk tsohon tunani ne, kallo ba ya cutar da kowa, mutum da wayarsa ne. Su ma taiki suke duka, don sun manta da wadda ke cikin hoton. A watan Janairu na 2020 wata kotu a San Diyego ta Amurka ta ba mata 22 gaskiya a kan wani kamfanin batsa da ya yaudare su da alkawarin cewa bidiyonsu ba zai taɓa hawa intanet ba. A 2025 aka yanke wa mai kamfanin ɗaurin shekara 27 saboda fataucin mutane. A watan Disamba na 2020, bayan jaridar New York Times ta bayyana cewa ɗaya daga cikin manyan shagunan batsa na duniya na ɗauke da bidiyon fyaɗe da na ƙananan yara, kamfanonin Visa da Mastercard suka janye, shagon kuwa ya share miliyoyin bidiyo cikin ƴan kwanaki, fiye da rabin abin da ke cikinsa, domin bai san su waye a ciki ba, bai kuma san ko sun yarda ba. Mai kallo a Tawa ko a Madawa ba shi da hanyar sanin ko wadda yake kallo an biya ta ne, ko an tsorata ta, ko shekarunta goma sha biyar. Kowane latsawa da ya yi kuɗi ne a aljihun masu wannan kasuwa. Nan gida ma abin ya daina zama na Turawa kaɗai, tunda ana samun hotunan ƴan matan unguwa suna yawo a WhatsApp bayan saurayi ya yi fushi. Dokar Nijar ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet ta tanadi hukunci a kan hotunan batsa na yara, kuma ya wajaba ɗalibai su san haka kafin su tura abin da aka turo musu.

A nan ne ainihin koyarwar Kirista take, ita ce kuma aka fi mantawa. Hausa ta yi hikima da ta sa kalma ɗaya, sha'awa, ta ɗauki son karatu da son kyan gini da son mace. Asalinta ba ƙazanta ba ce. Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ne ya halicci namiji da mace, ya kuma ga abin da ya yi yana da kyau. Laifin batsa shi ne ta ɗauki mutum da aka halitta cikin kamannin Allah, mai uwa, mai suna, mai yunwa da tsoro, ta mai da shi nama a kan faranti. Katekizim na Katolika na 1992 ya tsaya a kan wannan, inda ya nuna cewa abin na zubar da darajar mai yi da mai sayarwa da mai kallo gaba ɗaya. Saurayin da aka koya wa cewa jikinsa ne abokin gabarsa zai yi ta yaƙi da kansa har ya gaji. Wanda aka koya wa ya tambayi kansa ƴar wace ce wannan, yaya aka yi ta zo nan, ya sami dalilin kau da kai wanda ya fi tsoron wuta ƙarfi, wato tausayi.

Sai kuma a rarrabe tsakanin tuba da ƙin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ta sa halin da mutum ke kasa riƙe sha'awarsa har aikinsa da iyalinsa su lalace, ta kuma bayyana cewa damuwar da ta fito daga jin laifin addini kaɗai ba ta isa a ce mutum na da wannan cuta ba. Binciken Joshua Grubbs, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa masu addini sun fi saurin kiran kansu kamammu ko da kallonsu bai fi na wasu yawa ba. Ma'anar wannan ga fasto a fili take. Saurayin da aka gaya wa cewa ya zama bawa har abada, ya ƙazantu, Allah ya juya masa baya, baƙin ciki zai kama shi, baƙin cikin kuwa shi ne ke mayar da shi ga waya da dare. Tuba tana sa mutum ya tashi ya nufi gida. Ƙin kai yana sa shi ya kwanta inda ya faɗi.

Ikilisiyar Afirka tana da babban misali a kan haka. Agustin, haifaffen Tagasta a 354, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, ya zauna da mace ba aure shekaru da yawa, har suka haifi ɗa. Bayan ya zama bishof na Hippo bai ɓoye wannan ba. Ya rubuta shi da hannunsa, har ya amsa cewa a ƙuruciyarsa yakan roƙi tsarki yana kuma fargabar a amsa masa da wuri. Ya kuma ba da labarin abokinsa Alifiyus, wanda ƴan uwansa ɗalibai suka ja zuwa filin da ake kallon mutane suna kashe juna a Roma. Ya rantse ba zai kalla ba, ya rufe ido. Da jama'a suka yi ihu sai ya buɗe, ya ga jini, daga ranar ya zama shi ke jan wasu. Wannan Alifiyus daga baya ya zama bishof na Tagasta. Da ikilisiyar wancan zamani ta yi irin shirun ta yau, ko irin tsawarta, da ta yi asarar su biyun.

To mene ne jakin, yaya kuma ake kama shi? Abu na farko, mutum ya san sa'arsa. Labarin Dawuda ya ambaci lokaci da wuri da zaman banza, kuma mai fama in ya duba zai tarar jarabarsa na da sa'a: bayan kowa ya yi barci, ko ranar da aka ci masa mutunci, ko lokacin dogon hutu da babu aikin yi. Wayar ta kwana a wani ɗaki, ko a hannun ɗan uwa. Wannan ba tsoro ba ne. Yusufu, wanda Kirista da Musulmi duka suka san labarinsa, bai tsaya gardama da matar maigidansa ba, ƙofa ya nufa. Na biyu, ya fita daga rukunin da ake turo abin, ya kuma ƙudura cewa ko ya faɗi ba zai tura wa wani ba, don kada zunubinsa ya zama na mutum biyu. Na uku, wanda ya fi duka wuya, ya faɗa wa mutum guda. Wasiƙar Yakubu ta umarci masu bi su riƙa bayyana wa juna laifuffukansu suna yi wa juna addu'a. Katolika suna da ikirari gaban firist. Abin da aka faɗa da baki yakan rage girma, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, ya cika gurbin da aiki da wasa da barci da hidimar marasa lafiya, domin zuciyar da aka share aka bari fayau ba ta daɗewa haka. Na biyar, in ya faɗi ya tashi a ranar, kada ya jira Lahadi, kada kuma ya ƙaurace wa sujada. Wanda abin ya kai shi ga barin karatu ko cutar da iyali, neman likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Dukan waɗannan sun rataya ne ga abu ɗaya: a sami babban da za a iya faɗa wa. A nan ne nauyi ya koma kan fastoci da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, domin ƴan mata ma suna fama, kuma kunyarsu ta ninka ta samari tunda ba a taɓa zaton su ba. Dattijon da ya ji sirrin yaro da safe ya mai da shi misalin wa'azi da yamma ya rufe bakin yara ɗari. Makarantun da ke horar da fastoci ya kamata su koyar da sauraro da riƙon amana kamar yadda suke koyar da wa'azi. Malaman lakwal da ƙungiyoyin raya al'adu su ma suna da rabo, domin su ne masu harshe. Hausa ba ta rasa kalmomin mutunci da za a yi wannan zance da su ba. Ungozoma da gwaggo da kaka sun daɗe suna yi wa amare irinsa ba tare da batsa ba. Abin da ya rage shi ne a zauna a fitar da su, a rubuta, a sa a bakin iyaye.

Yaron nan da ke kujerar baya bai bar bangaskiyarsa ba tukuna. Yana jira ne ya ga ko akwai mutum guda a cikin majami'ar da zai ji abin da ya yi ba tare da ya ja da baya ba. Allah ya sa a same shi kafin kujerar ta zama wofi.